Daga Gindin Gawo Zuwa Fuskar Waya: Waiwaye a Kan Kayan Koyar da Ilimin Muhalli a Ƙasar Hausa

Ilimin muhalli, a ma'anar da masana harkar koyarwa suke ba shi a yau, shi ne tarbiyyar da ke sa mai koyo ya fahimci dangantakar da ke tsakanin ɗan Adam da ƙasa da ruwa da iska da tsirrai da dabbobin da yake rayuwa tare da su, sannan ya sami ƙwarewa da niyyar kyautata wannan dangantaka. Kayan koyarwa kuwa su ne duk abin da malami zai dogara da shi ya isar da darasi, tun daga littafin ɗalibi da jagoran malami da taswira da hoton bango, har zuwa lambun makaranta da shirin rediyo da abin da ake saukowa da shi daga intanet. Shekaru fiye da ɗari ke nan tun da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909, kuma duk wanda ya waiwayi wannan dogon zango zai ga cewa kayan koyar da muhalli sun yawaita ninkin-ba-ninkin, sun kuma ƙara kyan gani, amma suna ta yin nisa da yaron da aka yi su dominsa, nisa ta fuskar harshe da kuma ta fuskar wurin da suke magana a kansa. Wannan tazara ce ke bayyana dalilin da ya sa ɗalibi zai iya kawo ma'anar sauyin yanayi daidai a takardar jarrabawa, alhali ba zai iya faɗin sunan itacen da ke tsakar makarantarsu ba.

Kafin zuwan boko, abin da yanzu ake kira ilimin muhalli ba shi da suna na kansa, domin ba a ware shi daga sana'a ba. Yaron da ya tashi a gidan noma yakan rarrabe jigawa da fadama da fako tun kafin ya iya riƙe hauya da kyau, yakan san cewa dawowar shamuwa alama ce ta gabatowar damina, yakan kuma san gawo da ɗabi'arsa ta saɓa wa sauran itatuwa, wato kakkaɓe ganye idan ruwa ya sauka da fitar da sabo idan rani ya shigo, abin da ya sa inuwarsa ba ta tauye hatsin da aka shuka a gindinsa, ganyen da ya zubar ya zama taki, 'ya'yansa kuma su zama abincin dabbobi a lokacin da ciyawa ta ƙare. Ɗan makiyayi yana da nasa karatun na burtali da mashaya da sanin ciyawar da ke kawo nono da wadda ke cutar da dabba, 'ya mace kuma tana koyon lokacin tsinkar kuka da tsintar kaɗanya da sarrafa kalwa a wurin uwarta. Al'umma ta kafa sarautu irin su Sarkin Noma da Sarkin Ruwa da Sarkin Dawa domin tsare ƙa'idojin waɗannan sana'o'i, ta keɓe hurumi a bayan gari wanda ba a nomawa, kuma ana ruwaito cewa sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 sun ɗora hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare gawo. Makarantar ilimi ma ta ba da nata gudummawar, tun da littattafan fiƙihu irin su Ishmawi da Risala suna sa ɗalibi ya lura da launin ruwa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa kafin ya yi tsarki da shi, wanda horo ne na lura da idon basira. Bai kamata a ɗauki wannan ilimi a matsayin cikakke ba, domin bai ajiye awon ruwan sama a rubuce ba, bai kuma san ƙwayar cuta ko gubar da ido ba ya gani ba, amma yana da wata fa'ida da ba a sake samun irinta ba, ita ce darasi da abin da ake darasi a kansa suna wuri guda, a harshe guda.

Makarantun elementare na zamanin Turawa sun shigo da darussan nazarin halitta da tsabta da aikin lambu, kuma tun da da Hausa ake koyarwa a ƙananan azuzuwa, malami bai rabu da sunayen da yaro ya zo da su daga gida ba. Lambun makaranta shi ne babban kayan aiki a lokacin, ko da yake a wurare da yawa ya rikiɗe ya zama wurin horon mai laifi, abin da ya sa yara suka riƙa kallonsa da ƙyama. A wajen makaranta kuwa, darasin muhalli ya isa ga talaka ta hannun duba-gari da malamin daji, mutane biyu da aka fi sani da tara da kamu, kuma wannan tsoro ya daɗe yana bin duk wata magana ta kare daji a zukatan manoma. Jami'an mulkin mallaka da kansu sun gane darajar sanin 'yan ƙasa, domin likita J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga su a 1916, sannan ya fitar da babban littafinsa a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937, sai dai an yi waɗannan ayyuka ne domin Bature mai bincike da jami'in gandun daji, ba su kuma sauko aji a sigar da yaro zai amfana da ita ba.

Aikin da ya fi kusa da cike wannan gurbi ya fito ne daga Zariya, inda Hukumar Fassara, wadda daga baya ta zama Hukumar Talifi, ta haifar da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 da Kamfanin Gaskiya a 1945. A nan ne Rupert East da Abubakar Imam suka rubuta littafin Ikon Allah, wanda ya fara fitowa a 1949, ya kuma bayyana halittu iri-iri da yadda duniya take gudana cikin Hausa mai daɗin karatu. Darajar wannan littafi ga tarihin da ake waiwaya a nan ta wuce bayanan da ke cikinsa, waɗanda kimiyya ta riga ta sabunta da yawa daga cikinsu. Marubutan sun fahimci cewa Bahaushen wancan zamani yana ɗari-ɗari da boko, sai suka gabatar masa da nazarin halitta a matsayin duban ikon Mahalicci, ta yadda uba ba zai ji cewa ana raba ɗansa da imaninsa ba idan ya ga littafin a hannunsa. Sun kuma nuna a aikace cewa Hausa tana iya ɗaukar bayanin kimiyya ba tare da ta zama fassarar dole ba, muddin marubucin ya san harshen ya kuma san mai karatunsa. Littafi ne da babba zai karanta a zaure, yaro ya karanta a aji, su kuma tattauna a kansa da dare, kuma wannan gada tsakanin gida da makaranta ita ce abin da kayan koyarwar da suka biyo baya suka fi rasawa.

Kalmar ilimin muhalli a matsayin fanni mai zaman kansa ta zo daga waje ne a shekarun 1970. Taron Majalisar Ɗinkin Duniya a kan muhalli da aka yi a birnin Stockholm na Suwidin a watan Yuni na 1972 ya nemi a shigar da batun cikin ilimi, shi ne kuma ya haifar da hukumar kula da muhalli ta Majalisar mai hedkwata a Nairobi da ranar muhalli ta duniya ta 5 ga Yuni. Taron Belgrade na 1975 ya biyo baya, sannan na Tbilisi na 1977 ya tsara manufofi biyar da har yau ake komawa gare su, wato farkar da hankali da ilimi da ɗabi'a da ƙwarewa da shiga cikin aiki. Waɗannan taruka sun zo daidai da farin 1972 zuwa 1974 da ya halaka dabbobi ya kuma tarwatsa ƙauyuka a yankin Sahel, don haka ƙasar Hausa ba ta bukaci wanda zai faɗa mata cewa muhalli yana cikin hali ba. Sai dai a daidai wannan lokaci ne makarantar firamare a Nijeriya ta canza kama, domin shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya tara yara masu ɗimbin yawa a azuzuwa, ya sa aka horar da malamai cikin gaggawa, kuma duk da cewa manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta amince a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a shekarun farko, littattafan kimiyya da aka raba na Ingilishi ne, an kuma rubuta su domin ƙasa baki ɗaya. Yaron Gumel ko Illela ya riƙa haddace sunayen itatuwan kurmi da bai taɓa gani ba, aduwa da magarya da kalgo da ke kan hanyarsa ta zuwa makaranta kuma ba su da shafi.

A 1988 aka gano fiye da tan 3,000 na shara mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, wanda yanzu yake Jihar Delta, kuma wannan abin kunya ne ya sa gwamnatin soja ta kafa Hukumar Kare Muhalli ta Tarayya a ƙarshen shekarar, ta kuma fitar da manufar muhalli ta ƙasa a 1989. Gidauniyar Kare Halittu ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1980, ta yi ƙoƙari wajen kafa ƙungiyoyin ɗalibai masu kula da muhalli a makarantu da samar musu da mujallu da hotunan bango. Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Nijeriya, mai alhakin tsara manhaja, ta zaɓi hanyar tsarmawa, wato maimakon a ware wa muhalli darasi nasa, sai a cusa batutuwansa cikin kimiyya da nazarin zamantakewa da aikin gona da labarin ƙasa. A ƙa'ida wannan hanya ita ce ta dace da ruhin Tbilisi, tun da muhalli ya taɓa kowane fanni, amma a aji ta haifar da abin da Bahaushe ke kira sakiyar da ba ruwa, domin abin da aka ce na kowa ne babu wanda ake tuhuma idan an bar shi. Malamin da ke tseren kammala manhaja kafin jarrabawa yakan rubuta ma'anar zaizayar ƙasa a allo yara su kwafe, bai da lokaci ko kuɗin mota ko izinin fita da su su ga kwazazzabon da ke cin gefen garin.

A Jamhuriyar Nijar tafiyar ta ɗan bambanta. Ƙasar ta mayar da ranar samun 'yancinta ta 3 ga Agusta ranar dashen itace, ta kuma buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, ko da yake irin waɗannan makarantu sun daɗe suna matsayin gwaji, Faransanci kuma ya ci gaba da mallakar aji. Ƙungiyar ƙasashen Sahel ta yaƙi da fari, wadda aka kafa a 1973, ta gudanar da wani babban shiri na horo da wayar da kai a kan muhalli a makarantun firamare a shekarun 1990 da tallafin Tarayyar Turai, inda aka rubuta littattafan ɗalibai da jagororin malamai da suka dace da yanayin Sahel, aka kuma haɗa su da aikin reno da dashen itatuwa. Shiri ne da ya fi na maƙwabta kusanci da wurin da yaro yake, amma ya gamu da ƙaddarar da ke samun yawancin ayyukan da aka gina a kan kuɗin waje, wato idan wa'adin tallafi ya cika sai bugun littafi ya tsaya, malaman da aka horar su yi ritaya ko a yi musu canji, waɗanda suka gaje su kuma su tarar da kabad babu komai.

Abin lura shi ne cewa darasin muhalli mafi girma da ƙasar Hausa ta bayar a wannan zamani ya faru ne a gonakin Maraɗi da Damagaram, nesa da kowane allo. Bayan shekaru ana dasa itatuwan da aka rena a leda, mafi yawansu kuma suna mutuwa saboda rani da awaki da gara, wani ma'aikacin noma ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura a 1983 cewa ƙananan kurmin ganyen da manoma ke sarewa kowace shekara lokacin sharar gona tohon kututturen manyan itatuwa ne da saiwarsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar da ta biyo baya, wadda manoma suka kira sassaben zamani, ba ta bukatar kuɗi ko irin shuka, abin da take bukata shi ne manomi ya zaɓi toho mafi ƙarfi a kowane kututture ya bar shi, ya sassabe sauran, ya kuma kare shi har ya zama itace. Yunwar 1984 ta sa aka haɗa dabarar da shirin ba da abinci a madadin aiki, wasu manoman suka sare itatuwan bayan tallafi ya ƙare, amma waɗanda suka bar nasu suka ga itacen girki da abincin dabbobi da ƙarin amfanin gona, maƙwabta kuma suka gani suka kwaikwaya, domin gani ya kori ji. Sassaucin da aka samu a dokar daji, wanda ya sa manomi ya fara jin cewa itacen da ke gonarsa nasa ne, shi ma ya taimaka ƙwarai. Binciken da aka yi da hotunan sama da na tauraron ɗan Adam a shekarun 2000 ya ƙiyasta cewa itatuwa kusan miliyan 200 sun farfaɗo a fili mai faɗin hekta kusan miliyan 5.

Kayan koyarwar da suka yi wannan aiki su ne adda da gatari da gonar maƙwabci da ziyarar manomi ga manomi da shirin rediyo, harshen koyarwar kuma Hausa ce. Bai dace a ce makaranta ba ta da amfani saboda haka ba, amma ya dace a tambayi dalilin da ya sa wannan labari, wanda masana daga ƙasashe masu nisa ke zuwa nazarinsa, bai zama babi na farko a littafin kowane yaro daga Tawa zuwa Haɗeja ba. A cikinsa akwai kimiyyar saiwa da toho, akwai lissafin ƙidayar itace a hekta, akwai tarihin doka da mallaka, akwai kuma hujja cewa talaka yana iya gyara ƙasarsa da hannunsa, wadda ita ce manufa ta biyar ta Tbilisi da littattafai suka fi kasa koyarwa.

Akwai wata matsala da ta shafi gaskiyar abin da ke cikin kayan koyarwar kansu. Tun 1935 masanin gandun daji E. P. Stebbing ya yi shelar cewa Sahara tana gangarowa kudu tana cinye arewacin Nijeriya, hukumar haɗin gwiwa ta Ingila da Faransa da ta zagaya kan iyaka a 1936 da 1937 kuma ba ta sami shaidar da ta tabbatar da hakan a yadda ya faɗa ba, amma hoton hamada mai tafiya kamar rundunar yaƙi ya zauna a littattafai har yau. Abin da bincike ya fi nunawa shi ne ƙasa tana lalacewa a wuri-wuri gwargwadon ruwan sama da yadda ake sarrafa ta, tana kuma iya farfaɗowa. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana nazarin karkarar Kano mai cunkoson jama'a, ya kuma nuna cewa manomanta suna riƙe da itatuwan gonakinsu suna kula da su duk da ƙaruwar mutane. Haka nan hotunan Tafkin Chadi da ake nuna wa ɗalibai, daga faɗin murabba'in kilomita kusan 25,000 a 1963 zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na wannan a tsakiyar shekarun 1980, gaskiya ne, sai dai sau da yawa akan tsaya a nan ba a ƙara da cewa binciken baya-bayan nan ya nuna tafkin bai ci gaba da raguwa ba tun shekarun 1990, yana cika yana ja ne gwargwadon damina. Darasin da ya nuna wa yaro cewa mahaifinsa manomi shi ne mai laifi, ƙasarsa kuma ta riga ta mutu, yana raunana zuciyar da ake so ta tashi ta yi aiki, kuma bai cika gaskiya ba.

Zuwan wayar salula a Nijeriya a 2001 da yaɗuwar intanet bayan haka sun buɗe taskar da malamin zamanin baya bai taɓa mafarkinta ba. Hotunan tauraron Landsat, da aka fara ɗauka tun 1972, sun zama kyauta ga kowa daga 2008, manhajar Google Earth kuma tana ba malami damar nuna wa ɗalibai garinsu daga sama, su ga yadda gine-gine suka cinye fadama cikin 'yan shekaru. Shirin GLOBE da Amurka ta fara a 1995, wanda Nijeriya da Nijar suke cikinsa, yana koya wa ɗalibai auna ruwan sama da zafi da gajimare da ƙasa, su aika da sakamakon a haɗa da na takwarorinsu na duniya. Hukumar kula da yanayi ta Nijeriya tana fitar da hasashen damina na kowace shekara har da fassarar Hausa, gidajen rediyo na gida da na waje kuma sun daɗe suna shirye-shiryen noma da muhalli. Duk da haka, mafi yawan darussan da aka tsara aka zuba a intanet kyauta an rubuta su ne da Ingilishi ko Faransanci domin yaran Turai da Amurka, suna magana a kan narkewar ƙanƙara da dabbobin ƙasashen sanyi, suna raba shekara yadda ba ta yi daidai da bazara da damina da kaka da hunturu ba, suna kuma ɗauka cewa akwai lantarki da na'urar buga takarda da aji mai yara talatin. Malamin ƙauye da ke sayen data daga albashinsa, yana fuskantar yara fiye da ɗari a ɗaki guda, yana bukatar wanda zai tace masa wannan taska ya mayar da ita abin da zai iya amfani da shi gobe da safe.

Batun kalmomi yana cikin wannan aiki na tacewa. An yi yunƙurin samar da ƙamus na kalmomin kimiyya da lissafi na firamare a harsuna tara na Nijeriya, har da Hausa, a shekarun 1980, kuma 'yan jarida sun ƙirƙiro kalmomi irin su ɗumamar yanayi da gurɓatar iska da kwararowar hamada da makamashi mai sabuntuwa waɗanda jama'a suka karɓa. Abin da ya rage shi ne a daidaita su a kuma haɗa su da tsofaffin kalmomin manoma da makiyaya, domin harshen da ya ba kowace irin ƙasa da ciyawa da iska suna ba matalauci ba ne a wannan fanni.

A halin da ake ciki, matsalolin da suka fi kusa da rayuwar yara su ne suka fi ƙarancin kayan koyarwa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda ana daka da niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar tana sauka a inda yara ke rarrafe da cin abinci. Wannan shi ne irin haɗarin da ilimin gargajiya bai san shi ba, shi ne kuma ainihin wurin da makaranta za ta fi gida amfani, domin shafi biyu na Hausa da hoto a hannun malami da limami da ungozoma suna iya tsare rai. A dausayin Haɗeja da Nguru, inda madatsun Tiga na 1974 da Challawa na 1992 suka canza tafiyar ruwa, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa ta hana noma da kamun kifi, kuma yaran yankin suna zaune a gefen wurin da tsuntsaye ke zuwa daga Turai kowace shekara, wanda aka sa cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a 2000. A birane akwai leda da ke toshe magudanai, da kududdufan da aka cike aka yi gini a kansu, da ruwan masana'antun jima da ke gangarawa inda ake noman rani, da gawayin da ke cin dazuzzuka, ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau ta mamaye Maiduguri a watan Satumba na 2024 kuma ta nuna cewa yawan ruwa ya zama abin koyarwa kamar ƙarancinsa. Wani abin baƙin ciki shi ne dazuzzuka irin su Rugu da Kamuku, waɗanda ya kamata su zama wurin ziyarar ɗalibai, sun zama maɓoyar 'yan bindiga, har kalmar daji ta fara nufin tsoro kawai a kunnen yaron da aka haifa a wannan zamani.

Duk wannan yana komawa kan malami, domin littafi ba ya fita da yara waje. Wani nazari da UNESCO ta fitar a 2021 a kan manhajojin ƙasashe 100 ya gano cewa kashi 47 cikin ɗari ba su ambaci sauyin yanayi ba ko kaɗan, kuma a shekarar ce Nijeriya ta kafa dokar sauyin yanayi wadda ta tanadi shigar da batun cikin manhaja a dukkan matakan ilimi. Doka da manhaja mataki ne mai kyau, amma tarihin da aka bi a sama ya nuna cewa rubuta batu a manhaja shi ne sashe mafi sauƙi na aikin. Malamin da bai taɓa auna ruwan sama da gwangwani da rula ba a kwalejin da ya yi karatu, bai taɓa ƙirga itatuwan fili ko ya gayyato tsohon manomi aji ba, da wuya ya sa ɗalibansa su yi hakan, komai kyan jagoran da aka miƙa masa. Kwalejojin ilimi da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, su ne wuraren da wannan horo zai fara, kuma da ɗan gari akan ci gari, don haka masunci da makiyayi da mai maganin gargajiya da malamin gona su ma suna da gurbi a jadawalin darasi. Makarantun Islamiyya da na allo, waɗanda suke ɗauke da miliyoyin yara, sun cancanci nasu kayan a rubutun ajami da na boko, an kuma riga an ga hanyar shiga zukatansu tun 1949 a littafin Ikon Allah.

Kira a nan yana kan hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohin Arewa da ma'aikatar ilimi ta Nijar da sassan Hausa da na labarin ƙasa da na kimiyyar halittu a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina da Maraɗi da Damagaram, su haɗa marubuta da masu zane da malaman firamare da manoma su rubuta littafin muhalli na Hausa domin wannan zamani, tare da jagoran malami mai ayyukan da ba sa bukatar lantarki. A sa gawo da sassaben zamani da gubar dalma da kacalla da leda da ambaliya a cikinsa, a buga shi da kuɗin gida domin kada ya ƙare tare da wa'adin wani tallafi, a sake shi kyauta a waya, a kuma karanta shi a rediyo domin iyayen da ba su yi boko ba su ji abin da ake koya wa 'ya'yansu.